Keken Zuwa Aiki Daga Rigasa: Nazarin Zaɓin Wani Malami

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin firamare ne mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda yake zaune da iyalinsa can cikin Rigasa a garin Kaduna, yake kuma koyarwa a wata makaranta da ke Tudun Wada, tazarar kimanin kilomita 7 daga ƙofar gidansa. Shekara da shekaru yana shiga Napep biyu kafin ya isa makaranta, biyu kuma kafin ya dawo, ba tare da kuɗin motar ya taɓa zame masa abin damuwa ba. Al'amarin ya sauya ne bayan ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa watan Oktoba na 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Masu Napep suka ƙara kuɗi, albashi kuwa bai bi su da irin wannan saurin ba. Da malamin ya zauna ya haɗa abin da hanya take cinye masa a wata guda, sai ya yanke shawarar cewa idan ɗaukar adashensa ta zo, keke zai saya. Babur bai ma shigo cikin lissafin ba, domin kuɗin adashen ba za su kai ba, kuma shi ma babur mai yake sha.

Kusan duk kuskuren da ya so ya tafka bayan nan daga abu guda ya samo asali: ya fara duban kekuna kafin ya dubi hanyar da keken zai riƙa bi. Wanda ya dawo da shi kan hanyar wani dattijo ne mai gyaran keke a unguwarsu, wanda ya koyi sana'ar a Kakuri tun zamanin da masaƙu ke aiki. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo bayanta, kuma har zuwa lokacin da suka durƙushe a farkon shekarun 2000 keke ne abin hawan yawancin leburorinsu, don haka mutumin da ya yi gyara a bakin ƙofofin nan ya ga irin ɓarnar da tafiyar kullum take yi wa keke. Da malamin ya nemi rakiyarsa zuwa kasuwa, sai dattijon ya ce masa: “Malam, kafin mu je, faɗa mini inda za ka bi, da abin da za ka ɗauka, da lokacin da kake dawowa.”

Hanyar, kayan da lokacin

Hanyar malamin kashi uku ce. Daga gida zuwa babban titin Rigasa layuka ne na ƙasa, masu yashi da rani, masu taɓo da kwatami da damina, kuma daminar Kaduna doguwa ce, takan fara wajen Afrilu ko Mayu ta kai Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Daga nan sai kwalta har zuwa Bakin Ruwa, inda dole ya tsallaka babbar hanyar Nnamdi Azikiwe, wadda tireloli da tankokin mai masu tafiya tsakanin Abuja da Zariya da Kano suke bi dare da rana. Kashi na uku shi ne cunkoson Tudun Wada, inda Napep ke tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu. Kaduna ba garin tsaunuka ba ne, amma ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar yadda mai shiga mota yake zato; duk inda rafi ya ratsa akwai gangara, bayan gangarar kuma akwai hawa, kuma sai mutum ya hau keke ƙafafunsa suke sanar da shi wannan.

Kayan da zai ɗauka ba su da yawa a yawancin ranaku: jakar littattafan ɗalibai da zai duba a gida, da ɗan cefane a hanyar dawowa. Ya ambaci cewa wani lokaci zai so ya ɗauko hatsi daga kasuwa, amma bai ba maganar muhimmanci ba, daga baya kuma ita ce ta jawo masa asara. Lokacin tafiya ne ya fi ɗaukar hankalin dattijon. Malamin yana fita da misalin ƙarfe 6:30 na safe, kuma a watan Janairu rana ba ta fitowa a Kaduna sai gab da ƙarfe 7, ga hazon hunturu a kai. Wasu ranaku kuma yana tsayawa koyar da manya a wata Islamiyya, ba ya kamo hanyar gida sai bayan sallar isha'i. Ma'ana, wani kaso mai yawa na tafiyarsa a cikin duhu ko hazo zai kasance. Sai batun tufafi: kaftani da wando yake sawa zuwa makaranta, ba shi kuma da niyyar sauya shiga saboda keke.

Kekuna uku

Keken da ya fara shiga ransa sabo ne fil, mai jan fenti da manyan rubuce-rubuce, da giya 21, da sifirin gaba da baya, da birkin faifai a ƙafafu biyu, kuma farashinsa bai kai na wasu kekunan gwanjo da ke jingine kusa da shi ba. Wannan arahar ita ce ta fara sa dattijon zargi. Ya ɗaga keken ya ji nauyinsa, ya danna sirdin da ƙarfi, sai sifirin ɗin bayan ya nutse ya dawo da ƙara kamar gadon ƙarfe. A keke mai tsada, wanda aka ƙera don gudu a kan duwatsu, akwai mai ko iska a cikin abin da ke rage girgiza, shi ke hana keken yin tsalle. A irin wannan kuwa sifirin ne kawai, wanda yake ƙara nauyi, yake kuma shanye wani ɓangare na ƙarfin mai tuƙi a duk lokacin da ya taka feda. Mahaɗar da ke tsakiyar firam ɗin takan saki cikin 'yan watanni, ƙafar baya ta fara lilo, kuma babu inda za a ɗaura kariyar ɗaukar kaya ta zauna daram, tun da bayan keken motsi yake yi. Birkin faifan ma, idan na araha ne, faifan yakan lanƙwashe ya riƙa gugar roba, kuma ba kowane mai gyara a Rigasa yake ajiye robarsa ba. Dattijon bai tsawaita ba, ya ce araha ba ta ado, suka wuce.

Na biyu shi ne wanda dattijon da kansa ya fi ƙauna: baƙin keke irin na da, ƙirar da kamfanin Raleigh na Nottingham a Ingila ya yaɗa a ƙasar nan, wadda Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka ci gaba da yi. Ƙafarsa inci 28 ce, firam ɗinsa ƙarfe ne mai kauri, birkinsa na sanda, giyarsa ɗaya, kuma yana zuwa da murfin sarƙa da murafan taya masu tare taɓo da kariya mai ƙarfi. Ƙafar bayansa takan zo da wayoyi 40, ta gaba 32, abin da ya sa yake jure buhu da jarkoki. Babu mai gyaran keke a Kaduna da bai san cikinsa da bayansa ba, kayan gyaransa kuma har a ƙauye ana samu. Ga mai kaftani, murfin sarƙar nan kaɗai babban abu ne.

Amma abubuwa biyu suka tsaya masa. Na farko giya. Idan farantin gaba yana da haƙora 44, na baya kuma 18, kamar yadda aka saba, to kowane zagayen feda yana tura keken sama da mita 5, wanda yake da daɗi a miƙaƙƙiyar kwalta, amma a hawa ko cikin yashi sai mutum ya miƙe tsaye yana dannawa da dukan nauyinsa, kuma keken kansa ya kai kilo 20. Malamin ya rabu da keke tun yana saurayi, yana kuma bukatar ya shiga aji ba tare da rigarsa ta jiƙe sharkaf ba. Na biyu, wanda ya fi girma a ganina, shi ne birki. Rim ɗin baƙin keke ƙarfe ne mai santsi, kuma idan ruwa ya jiƙa shi robar birki sai ta yi ta zamewa, ƙafar ta zagaya sau da dama kafin ta kama. Leburan masaƙa da ke tafiya cikin ayarin kekuna a Kakuri ta shekarun 1970 zai iya zama da wannan; mutumin da zai bi bayan Napep a Tudun Wada cikin ruwan Agusta yana bukatar keken da zai tsaya a lokacin da aka ce ya tsaya. Dattijon ya yi gardama, ya ce mutum yakan koyi taɓa birki tun daga nesa don ya share ruwan, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai mai Napep ba ya ba da sanarwa daga nesa.

Na uku keken gwanjo ne daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Japan, irin na hawan tudu amma tsohuwar ƙira, marar sifirin ko ɗaya. Fentinsa ya koɗe, sirdinsa ya yage a gefe, amma rim ɗinsa na alminiyam ne, wanda robar birki take kamawa ko da a jiƙe yake, birkinsa na waya ne mai hannuwa biyu da ke matse rim, giyarsa ta kamfanin Shimano ce, tayarsa kuma mai faɗi, mai lamba 26 x 1.95. A giyarsa mafi sauƙi zagayen feda ɗaya kimanin mita 2 kawai yake tura shi, don haka hawan da zai sa mai baƙin keke ya sauka ya tura, shi a zaune zai haye shi. Akwai kuma ramukan ƙusa a kusa da gindin ƙafar baya, inda za a ɗaura kariya da murfin taya.

Yadda dattijon ya duba shi ya isa a koya. Ya juya keken ya kifa shi, ya bi duk mahaɗun firam ɗin da yatsa yana neman tsagewa ko alamar sabuwar walda, musamman a ƙarƙashin wuyan keken, inda fenti yakan tattare idan an taɓa yin karo da shi ta gaba. Ya juya kowace ƙafa yana kallon tazarar da ke tsakanin rim da robar birki don ya ga ko tana kaɗawa. Ya kama ƙafar ya girgiza ta gefe da gefe, ya yi haka ga hannun feda, domin duk motsin da aka ji a nan alama ce ta boris ya ci ko ya saki. Ya matse birkin gaba ya tura keken gaba da baya yana sauraron ƙwanƙwasa a wuya. Ya ja sarƙar daga jikin farantin gaba. Da ta ɗago har an ga haƙori a fili, da ya san ta miƙe, kuma miƙaƙƙiyar sarƙa cinye haƙoran faranti take yi. Daga ƙarshe ya sassauta ƙusar sandar sirdi ya tabbatar tana hawa tana sauka, domin sandar alminiyam da ta daɗe a cikin firam na ƙarfe takan manne, wani lokaci sai an lalata ta kafin ta fita. Aibin da ya samu biyu ne, robobin birki da suka bushe da wayar giya da ta fara warwarewa, kuma da su ya yi ciniki aka rage kuɗin. Ya kuma sa aka rubuta lambar da ke ƙarƙashin firam ɗin a jikin rasit, saboda keken gwanjo da keken sata ba a bambance su da ido.

Tsawon malamin santimita 168 ne, kuma irin keken guda biyu ne a wurin, ɗaya mai firam inci 17, ɗaya inci 21. Zuciyarsa ta karkata ga babban, bisa tunanin da mutane da yawa suke da shi cewa babban keke ya fi daraja kuma ya fi dacewa da magidanci. Da aka sa shi ya tsaya a kansa ƙafafu biyu a ƙasa, sai sandar tsakiya ta taɓa shi, alhali ana son a sami tazarar yatsu biyu zuwa uku aƙalla, domin ranar da mutum ya diro daga sirdi ba shiri, a kan sandar nan zai sauka. Ƙaramin ya ɗauka. Aka daidaita sirdin ta hanyar da aka sani: ya zauna, ya ɗora dunduniya a kan fedar da ke ƙasa, aka ɗaga sirdin har ƙafar ta miƙe, ta yadda idan ya mayar da gaban tafin ƙafarsa kan fedar gwiwar za ta ɗan lanƙwasa kaɗan.

Kayan kare kai

Da malamin ya bi son ransa, da duk kuɗin a kan keken za su ƙare. Ragin da aka samu ya sa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na adashen ya rage, kuma yadda aka kashe wannan ragowar shi ne ɓangaren lamarin da ya fi muhimmanci.

An fara da fitila, kuma daidai ne a fara da ita, domin hular kwano tana aiki ne bayan an faɗi, fitila kuwa tana cikin abin da ke hana a buge mutum tun farko. Ƙa'idar ita ce fara a gaba, ja a baya. Dattijon ya kawo shawarar dainamo, irin wanda ke gugar gefen taya ya ba da wuta, kuma yana da hujja, tun da ba ya bukatar caji a unguwar da wutar lantarki ba ta da tabbas. Aibinsa shi ne yana zamewa idan tayar ta jiƙe, yana kuma mutuwa da zarar keken ya tsaya, wato a daidai mahaɗar hanya, inda aka fi bukatar a ga mutum. Saboda haka aka sayi farar fitila mai caji da wayar cajin salula, wadda malamin yake cirewa ya sa a aljihu idan ya kafe keken, da kuma jar fitilar baya mai ƙananan batura, wadda takan yi makonni kafin ta nemi sauyi. An ɗan sunkuyar da ta gaban don ta haska ƙasa 'yan mitoci a gabansa, kada ta kashe wa masu tahowa ido.

Sai riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, wadda yake ɗorawa a kan kaftani, da maɗauri biyu masu ƙyalli na idon sawu. Maɗauran nan su ne mafi araha a cikin kayan, amma aiki biyu suke yi. Suna tattare ƙafar wando kada sarƙa ta kama ta, tun da wannan keken ba shi da cikakken murfin sarƙa, sannan direba yakan fi saurin gane cewa mutum ne a gabansa idan ya ga ƙyalli yana hawa yana sauka tare da feda, fiye da idan ya ga ƙyalli a tsaye wuri guda, wanda zai iya ɗauka allon gefen hanya ne. Ƙasan kaftanin kuwa naɗe shi yake yi ya soke a ƙugu, domin idan ya shiga tsakanin wayoyin ƙafar baya, faɗuwa ce babu makawa.

Batun hular kwano ne ya fi jan lokaci. A nan dattijon ya janye jikinsa, ya ce shi bai taɓa sawa ba, don haka ba zai ba da fatawa a kan abin da bai sani ba. Wani maƙwabci ya yi tayin hular leburorin gini kyauta, wani ya ce ta babur ta fi ƙarfi. Ta gini an yi ta ne don tare abin da ya faɗo daga sama, ba ta da abin da zai shanye bugu idan kai ne ya doki ƙasa, kuma takan fice tun kafin a kai ƙasan. Ta babur tana karewa, amma nauyinta yakan haura kilo ɗaya, ba ta da mashigar iska isasshiya, kuma wanda yake taka feda a zafin Kaduna ba zai jima da ita a kai ba. Hular keke nauyinta kimanin giram 250 zuwa 350 ne, kuma abin da ke aiki a cikinta shi ne farin soso mai tauri da ke ƙarƙashin robar waje, wanda yake murƙushewa idan an bugu don ya rage ƙarfin da zai isa ƙwaƙwalwa. Sau ɗaya yake wannan aikin. Hular da aka taɓa faɗuwa da ita ta gama amfani ko da ba a ga tsaga a waje ba. Wannan ne ya sa aka bar wata hular gwanjo mai kyan gani da mai kekunan ya so ya haɗa masa da ita, tun da babu wanda ya san tarihinta, aka nemi sabuwa mai ɗauke da lambar ma'aunin Turai, EN 1078, a cikinta. Ta Amurka alamar CPSC take ɗauka. Takardar manne ba ta da wuyar bugawa ga mai son yin jabu, don haka aka haɗa da duba soson: a tabbatar yana da kauri, yatsa ba ya nutsewa a cikinsa, kuma igiyoyin sun ratsa jikin hular sosai.

Amfanin hular ba zato ba ne. Wani bincike da Jake Olivier da Prudence Creighton na Jami'ar New South Wales a Ostareliya suka wallafa a 2017, wanda ya tattara nazarce-nazarce 40 da suka shafi mahaya sama da 64,000 da suka yi haɗari, ya nuna cewa sa hular yana da alaƙa da raguwar raunin kai da kashi 51 cikin ɗari, mummunan raunin kai kuma da kashi 69. Amma ya kamata a san iyakarta: gwajin ma'aunin Turai yana kwaikwayon faɗuwa ce daga tsayin mita ɗaya da rabi, a gudun da bai wuce kilomita 20 a awa ba. An yi ta ne don ranar da taya ta zame a yashi ko aka yi karo da bayan Napep, ba don tayar tirela ba. An auna kan malamin da igiyar awon tela, ya ba da santimita 57, aka ɗauki matsakaiciya. Zamanta daidai shi ne ta rufe goshi har saura yatsu biyu a kai ga gira, igiyoyin gefe su haɗu a ƙarƙashin kunne, ta haɓa kuma ta matse har yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shige. Hularsa ta zanna yana sa ta a jaka, ya ɗora ta a ƙofar makaranta.

Ragowar kuɗin suka tafi a kan ƙararrawa, da sarƙa mai kauri da kwaɗo, da famfon hannu, da tiyub ɗaya na ajiya, da murafan taya, da kariyar da aka ƙera masa a Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna. Dattijon ya kuma cire maƙullan saurin kwance ƙafa da keken ya zo da su ya sa ƙusoshi, saboda abin da ke sauƙaƙa wa mai keke cire ƙafa yana sauƙaƙa wa ɓarawo.

Abin da babu kayan da za su magance shi shi ne Bakin Ruwa. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, direba kuma a gefen hagu yake zaune, don haka gefen dama na tirela, inda mai keke yake raɓewa, shi ne inda direban ya fi kasa gani. Idan kuma tirela za ta karya kwana, tayoyin bayanta ba sa bin sawun na gaba, suna yankowa ciki ne su share duk abin da ke tsakaninsu da bakin titi. Malamin ya ɗaukar wa kansa ƙa'ida cewa ba zai taɓa shiga tsakanin babbar mota da bakin titi ba, kuma a mahaɗar yakan sauka ya tura keken ya tsallaka tare da masu tafiya a ƙasa. Ya kuma bar ɗabi'ar da ya tashi da ita ta bin hannun da motoci ke tahowa don ya riƙa ganinsu. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa, keke yana 15, to mai bin hannunsa motar tana cim masa ne da gudun 35, mai fuskantarta kuwa da 65 za su haɗu, ga shi direban da ke fitowa daga layi ba ya duban ɓangaren da ba ya tsammanin abin hawa.

Bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya

Tafiyar takan ɗauke shi kimanin rabin awa, kuma a ranakun cunkoso yakan riga abokan aikinsa masu shiga Napep isa. A makonnin farko ya sauke sirdin da kansa don ƙafafunsa su riƙa taɓa ƙasa yana zaune, sai ciwon gaban gwiwa ya taso. Da aka mayar da sirdin inda yake, ciwon ya tafi. Robobin birki sun cinye da wuri a damina saboda yashin da ruwa ke ɗorawa a rim, abin da dattijon ya ce a sa rai da shi kowace shekara. Da hunturu kuma baƙin man injin da ya riƙa zuba wa sarƙar ya haɗu da ƙura ya zama abin da ke cin ƙarfe, sai aka wanke ta da kananzir, ya koma ɗiga ɗan man keken ɗinki yana goge saura da tsumma.

Da tayar baya ta ƙare, ya aiki ɗansa ya sayo mai lamba 26, yaron ya dawo da 26 x 1 3/8, irin wadda yawancin kekunan Japan masu kwando suke amfani da ita, ta ƙi zama a rim ɗin. Duka biyun 26 ake kiransu, amma faɗin bakin wadda yaron ya sayo milimita 590 ne, na tayar keken malamin 559, kuma wannan lambar tana rubuce a gefen kowace taya, ita ce ya kamata a kwafa a tafi da ita kasuwa. Mai shagon ya karɓi tayar ya musanya bayan 'yar doguwar magana.

Babbar asarar ta zo ne ta wajen hatsi. Ya ɗora rabin buhun masara, kilo 50, a kan kariyar, ya bi layukan Rigasa masu ramuka, wayoyi uku na ƙafar baya suka tsinke, rim ɗin ya kaɗe. Yawancin kariyoyin irin wannan keke kilo 25 aka ƙayyade musu, kuma ko da ta Panteka ta fi haka ƙarfi, ƙafar da ke ƙarƙashinta ba ta ƙaru da komai ba. A nan dattijon ya sami abin faɗa, ya tuna masa cewa baƙin keken da suka bari zai ɗauki wannan har da ƙari. Hakan gaskiya ne, amma ban ga ya rushe zaɓin ba: masara sau ɗaya ake ɗaukowa a wata, tsallaka Bakin Ruwa da bin bayan Napep kuwa kullum ne, kuma keke ɗaya ba zai fi kowane keke a kowane aiki ba. An ɗaure ƙafar da sababbin wayoyi, hatsi kuma ya koma zuwa a Napep.

Fitilu da rigar ƙyalli sun zame masa jiki, ba ya fita babu su. Hular kwanon ce ba ta samu wannan matsayin ba. Tsokanar yara da ta abokan aiki ba ta dame shi ba bayan makon farko, amma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani, yakan rataye ta a kan keken a hanyar dawowa da rana, wato a daidai lokacin da Tudun Wada ta fi cunkoso. An ba shi shawarar ya sa siririn ƙyalle mai tsotse gumi a ƙarƙashinta, ya kuma jinkirta tasowa har zuwa bayan la'asar a ranakun da ba shi da uzuri. Ya karɓi shawarar jinkirin. Ta ƙyallen kuwa ya ce zai gwada idan bazara ta dawo.